A Rubuta Tarihin Motocin Sufurin Jihohinmu

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in ja hankalin masu karatu kan tarihin motocin sufuri na jihohin Arewa maso Gabas, wanda nake fargabar zai salwanta tare da tsofaffin direbobin da suka san shi.

Bayan da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, har kayan gyaran mota suka gagari 'yan kasuwa, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin sufurin jama'a a 1988, jihohi kuma suka duƙufa wajen kafa kamfanoninsu. Borno na da Borno Express, Bauchi na da Yankari Express. Da aka cire Yobe daga Borno a 1991, aka cire Gombe daga Bauchi a 1996, kowace ta kafa nata.

Ina ɗalibi, daga Potiskum nake shiga su zuwa Maiduguri. Har gobe ina tuna tikitin takarda mai hatimi, da littafin da ake rubuta sunan kowane fasinja da na ɗan'uwansa kafin mota ta tashi, abin da ya sa mahaifiyata ba ta yarda in hau wata motar ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 talaka ya sake komawa gare su. Ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya zauna da direbobi da kanikawan farko tun suna raye.

Naka,
Mai karatu daga Potiskum