Zoɓo a Shikago

Mutumina,

Salamu alaikum. Na san ka cika ka batse, wata huɗu shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ayi haƙuri, sanyin garin nan ne ya daskarar da ni. Ya ƙafar Hajiya? Amarya fa, har yanzu ita ke riƙe maka waya?

Abin da ya hana ni ci gaba da shirun: na sha zoɓo a Shikago! Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na sauka a titi na 18, unguwar Pilsen ta 'yan Meziko. Ina shiga wani ɗan gidan abinci sai ga ƙaton tulun gilas cike da jan abu, ƙanƙara na yawo a ciki. "Hamaika" suke ce masa. Kurɓa ɗaya na ji ni a tsakar gidan Goggo, citta da kanumfari kawai ya rasa. Ƙullin masararsu kuma wai sunansa masa! Na dinga dariya ni kaɗai, mai abincin na kallona kamar na zautu.

Murnar ba ta je ko'ina ba. An zubo min dafaffen wake mai kyau, har na ɗaga cokali, Allah ya sa na tambaya. Da kitsen alade aka soya shi. Manteka, kalmar Sifaniyanci ta farko da na haddace ke nan, kuma yanzu ita nake fara faɗa kafin gaisuwa. Na ƙare da tako na kifi, wato kifi a naɗe cikin 'yar wainar masara. Nama kam sai na je titin Debon wajen 'yan Pakistan hankalina ke kwanciya.

Unguwar Italiyawa a titin Tela ban daɗe ba. Taliya ce dai, kai da ka yi digiri a kan taliya da manja me zan faɗa maka? Kuɗin faranti ɗaya zai riƙe ɗakinmu sati guda.

Wajen 'yan Chana, bayan babbar ƙofar nan ta titin Wentworth, a nan na sha kunya. Shayi kyauta, ba sukari ba madara, sannan aka miƙo min tsinke biyu wai in ci shinkafa. Wani yaro ɗan shekara kamar 5 ya zuba min ido har na nemi cokali.

Wai da gaske Ustaz ya ƙara ta biyu? Mutumin da ya yi mana wa'azin tsadar rayuwa!

In ka samu mai zuwa, a ƙullo min yajin ƙuli. Ka gaida 'yan majalisa.

Naka,
Na Goggo