Yaya, ranar Juma'ar nan ka bar min ita

Kuala Lumpur, daren Talata

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Umma da Anti da yara da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Na karɓo rigar bikin yaye ɗalibai jiya, hular ta ɗan yi min yawa, amma haka za a saka.

Na ga hoton tikitin da ka turo, na kuma ga jerin da ka rubuta a ƙasansa: tagwayen benayen Petronas, kogon Batu, birnin ofisoshin gwamnati na Putrajaya, da kasuwar wayoyi ta Low Yat, wai duk a ranar da ka sauka. Ka yi haƙuri Yaya, sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Na san kai ne kake tashi Kano da asuba, ka gama harkarka a Kaduna, ka dawo ka ci tuwon dare a gida. Amma wannan tafiyar ba irin waccan ba ce, kuma ba ƙarfin jiki ake gwadawa ba.

Tsakaninmu da ku sa'a bakwai ne, mu ne a gaba. Jirginka daga Doha zai sauka da takwas da rabi na safiyar Juma'a, wato ɗaya da rabi na dare a Kano. Idonka zai ga hantsi, cikinka da kanka kuwa suna tsakar dare. Wata 'yar ajinmu da ta fara karatun likita ta yi min bayanin abin: jiki yana da agogonsa da yake bin hasken rana, shi yake sakar maka barci, shi yake tashe ka, shi yake kawo yunwa. In ka tsallake ƙasashe cikin yini ɗaya, agogon nan ba ya juyawa kamar na hannu, kusan sa'a ɗaya yake matsawa a kowace rana. Kuma tafiya gabas ta fi wahala, don tilasta wa mutum ya yi barci da wuri ya fi wuya a kan hana shi barci. Ka ga kenan sai ka yi mako guda kafin ka daidaita, kai kuwa kwana uku za ka yi. Ba za ka daidaita ba. Lallaɓa jikin kawai za mu yi, don ranar Asabar da takwas na safe ka zauna a zauren taro da idonka biyu lokacin da za a kira sunana. Abin da ya kawo ka kenan.

Ba na so ka maimaita nawa. Ranar da na fara zuwa, na ajiye jaka da sha ɗaya na safe na ce bari in ɗan kishingiɗa. Ban farka ba sai tara na dare. Azahar, La'asar, Magariba duk sun wuce ni, na tashi ina rama salloli kamar wanda ya yi jinya. Daga nan ido ya bushe har gari ya waye. Ka tuna lokacin da nake kiran Umma kullum bayan Isha'inku, tana cewa yaron nan ya cika kewar gida? Akwai kewar, amma gaskiyar magana ƙarfe uku na dare ne a nan, kuma ba ni da abokin hira. Kwana goma na yi ina gyangyaɗi a aji.

To ga yadda na tsara mana. Zan tare ka a filin jirgi. Yana da nisa da gari, ya fi kilomita 50, amma akwai jirgin ƙasa, KLIA Ekspres, da zai kai mu tashar KL Sentral cikin kusan rabin sa'a. Otal ɗin nan kusa yake. Ka'idarsu sai bayan azahar suke ba da ɗaki, don haka na biya daren Alhamis ma, mu samu makulli da zuwanmu. Kada ka yi min faɗan kuɗin, shi ne kuɗi mafi amfani a duk tafiyar. Za ka yi wanka, ka ci abu mara nauyi, mu ja labule, ka kwanta.

Sa'a ɗaya da rabi kacal. Wajen sha ɗaya zuwa sha biyu na nan shi ne huɗu zuwa biyar na asuba a gida, lokacin da barci ya fi daɗi kuma ya fi nauyi, don haka na san tashinka zai yi wuya. Ina neman afuwa tun yanzu, domin zan tsaya a kanka in yi ta kira har sai ka miƙe, ko da za ka ce ba ni da kunya.

Juma'a ce za ta taimake mu. A nan Azahar ba ta shiga sai ɗaya ta wuce, Magariba kuma sai bayan bakwai, saboda agogon wannan ɓangaren na Malesiya an tura shi gaba tun 1982 don ya yi daidai da na Sabah da Sarawak, jihohin gabashin ƙasar. Za mu hau jirgin cikin gari, tasha biyu, mu sauka a Masjid Jamek. Tsohon masallaci ne, tun 1909, a daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, wurin da garin ya samo asali. Huɗubar da harshen Malay ake yi, ga fanka, ga kafet, ga mutumin da jikinsa ke ce masa shida na safe ne bai kwana ba. Ka zauna kusa da ni, zan riƙa taɓa ka. Mutanen nan Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana Bisimilla, kada abin ya ba ka mamaki.

Bayan an idar, sai rana. Ita ce maganin, kuma hasken bayan azahar shi ne zai jawo agogon jikinka zuwa na nan. Mu taka a hankali zuwa Dataran Merdeka, filin da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tasu a 1957, shekara uku kafin tamu. Tafiyar minti kaɗan ce. Zafin nan ba irin na Kano ba ne, bai kai shi ƙuna ba, amma gumi ne kamar Legas, rigarka za ta jiƙe. Ka sako yadi mara nauyi, shaddar ka ajiye ta sai Asabar. Sau da yawa hadari yakan haɗo da la'asar, in ya sauko sai mu faɗa shagon Indiyawa Musulmi, waɗanda ake kira mamak, ka ci gurasarsu, roti canai, da miyar wake. Shayinsu mai kumfa, teh tarik, kofi ɗaya za ka sha, kuma kafin La'asar. Goro ma haka, Yaya. Na san wannan ce za ta fi yi maka ciwo.

Petronas za ka gan su ranar, amma daga ƙasa. Bayan Magariba mu zauna a lambun da ke gindinsu, ka ɗaga kai ka ga hawa 88 sun haskaka da fitilu, ka yi wa yara hoto. Kyauta ne, kuma duk lokacin da ka ce ka gaji sai mu tashi. Hawa gadar da ta haɗa su a hawa na 41 kuwa tikiti ne mai ƙayyadadden lokaci, shi ya sa na saya mana na Lahadi da yamma. Kogon Batu matakala 272 ne, ga birai masu fizge leda a hannun mutum, kuma wurin bautar Hindu ne. In har kana so, Lahadi da safe. Putrajaya da Low Yat sai Litinin kafin jirginka, lokacin da kanka ya isa yin ciniki. Mai magagin barci ba ya taya kaya.

Goma na dare ka kwanta. Gajiya za ta ɗauke ka, amma kada ka yi mamaki in ka farka ƙarfe biyu garau, don jikinka ya ɗauka ƙailula ka yi. Nan ne jarrabawar. Biyu na nan bakwai na yamma ne a Kano, zaurukan WhatsApp ɗinka duk sun cika, abokan kasuwa suna nemanka. Kada ka taɓa wayar. Ka bar fitila a kashe, ka ja carbi, barcin zai dawo. Ka gaya wa yaran shago tun yanzu cewa daren Juma'a ba a samunka.

Sauran ƙananan abubuwa: ka cike takardar shiga ƙasa ta intanet, MDAC, cikin kwana uku kafin ka sauka, ka riƙe katin rigakafin shawara a aljihun gaba tare da fasfo. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. A jirgin Doha ka yi barci iya yadda ka samu, ka sha ruwa sosai.

Ka ce wa Umma na ga saƙonta, kuka da daddawa da yaji sun isa, amma a bar kilishin, kwastan na nan suna iya karɓe nama. A gaida Anti, a shafa min kan yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙaninka