Koken Mazauna Kewayen Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa ta Kaduna

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Mu talakawanka ne da ke zaune kewaye da tsohuwar tashar reluwe ta Kaduna ta Kudu. A cikinmu akwai tsofaffin ma'aikatan dogo da suka yi ritaya, da matan da mazajensu suka rasu a wannan aiki, da 'yan dako, da masu sayar da abinci.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin cewa dogo ya riga gari zuwa nan. Layin da aka ja daga Baro ya ƙetare kogin Kaduna, ya bi ta Zariya, ya isa Kano a 1911, alhali sai a 1917 Turawa suka kwaso hedikwatarsu daga Zungeru suka dawo Kaduna. Cikin shekarun 1920 kuma layin gabas da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya zo ya haɗe a wannan tasha tamu. Gyaɗa da auduga da fatu da shanu ta nan suke gangarawa kudu, kwal da goro da gishiri su hauro. Masaƙar da aka buɗe a Kakuri a 1957 ma a gefen dogo aka kafa ta. Iyayen da yawa daga cikinmu a tarago suka shigo garin nan, da tabarma da buta, suka sami aiki suka zauna. A da da jiniyar jirgi mata ke sanin lokacin ɗora sanwa.

Yanzu fa? Sai mu yi wata da watanni ba mu ji kukan jirgi ba. Ciyawa ta rufe layi, taragai suna tsatsa a inda aka bar su, ɓarayi na kwance ƙarafa cikin dare su kai wa 'yan jari-bola. Da magariba ta yi, matanmu da yaranmu ba sa iya ratsawa ta wajen saboda duhu da 'yan shaye-shaye.

Mun gode wa Allah da tashar Rigasa da aka buɗe a 2016, mai kai mutum Abuja, tafiyar kilomita 186. Amma ba kowa ne ke da harka a Abuja ba, kuma wancan layin ya fi namu faɗi, jirginsa ba zai hau namu ba. Ɗalibin da zai koma Zariya, da manomin citta daga Kafanchan, da mai buhunan masara da zai kai Kano, duk mota ce ta rage musu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka, har zumunci ya fara yankewa.

Babban roƙonmu shi ne ka kai kukanmu gaban Mai Martaba Sarkin Zazzau da hukumomin da abin ya shafa, a dawo mana da jirgin fasinja tsakanin Kaduna da Zariya, da kuma Kaduna da Kafanchan, ko da sau biyu ne a mako, da tarago ɗaya na kaya. Kafin nan, a taimaka da fitilu da masu gadi, masu unguwanni kuma su gargaɗi masu sayen ƙarfen sata. Ginin tashar ma kada a rushe shi ko a yanka filinsa. Share ciyawa kam mun ɗauka, matasanmu za su fito aikin gayya duk ranar da ka ba da izini.

Mun sa hannu a takardar da ke haɗe da wannan, waɗanda ba su iya rubutu ba sun dangwala.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Mu ne talakawanka,
Mazauna kewayen tsohuwar tasha, Kaduna.