A riƙa shawara da mata kafin maigida ya ajiye aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana kan wani abu da ke cin gidajen Hausawa da yawa a nan Legas, amma ba a cika fito da shi fili ba. Duk lokacin da aka tayar da zancen 'yan fansho, maganar kuɗi ake ji: an biya, ba a biya ba, an kira tantancewa. Kuɗin na da muhimmanci, babu musu. To amma akwai matar da ke cikin gidan da ɗan fanshon zai koma ya riƙa yini, kuma sau da yawa ita ce ta ƙarshen jin abin da aka yanke game da sauran rayuwarta.

Maigidana ya ajiye aikin gwamnati a 2023, da ya cika shekara 35 yana aiki. Ƙa'idar ke nan ga yawancin ma'aikata, ko 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. A Agege muke zaune tun aurenmu. Wanda bai san Legas ba zai yi mamaki in na ce masa mun aurar da 'ya'ya, har mun ga jikoki, amma sai yanzu muka fara zama tare na sosai. Ofishinsu a can tsibirin Legas yake. Yana sallame sallar Asuba yake fita don ya riga cunkoson Oshodi da na gadar Third Mainland, ba ya dawowa sai bayan Isha'i, ya ci tuwo yana gyangyaɗi. Asabar ta tafi a ɗaurin aure da ta'aziyya, Lahadi a ramuwar barci. Ni na san malaman makarantar yara, ni na san halin mai gidan haya, ni na san nawa mai ruwa ke sayar da jarka.

Rana ɗaya sai ga mutum a falo daga safe har dare. A makonnin farko bai daina tashi da wuri ba. Ya yi wanka, ya sa kaftani gogagge, ya zauna da waya a hannu. Wayar da a da ba ta hutawa ta yi tsit, har nakan ga ya juya ta yana duba ko a kashe take. Waɗanda ke ce masa ranka ya daɗe sun koma kan wanda ya gaje shi. Na tausaya masa ƙwarai, don ban taɓa ganin ya rasa abin yi da kansa ba.

Daga nan sai hankalinsa ya koma kicin. "Hajiya, man gyaɗan nan ba shekaranjiya aka sayo shi ba?" "Ya aka yi gas ya ƙare da wuri haka?" Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma mun saɓa. Macen da ta yi shekaru tana riƙe da gida ba wanda ya taɓa bin ta ba'asi, a wayi gari ana ƙirga mata dunƙulen Maggi, dole ranta ya sosu. Ga shi ritayar tasa ta faɗo daidai da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta. Shi kuwa farashin da ke kansa na tun da ne, don kuɗin cefane kawai ya saba miƙawa. Abin da ya raba gardama shi ne ranar da na ce, "Alhaji, yau ka raka ni kasuwar Mile 12." Ya tsaya gaban mai tumatir, ɗan garinsu ne ma, ya ji kuɗin ƙaramin kwando da kunnensa. Ya sake tambaya, aka maimaita masa. Muka dawo cikin danfo, motar hayar Legas, da buhun albasa a ƙafafunmu, bai ce uffan ba har gida. Tun daga ranar bai ƙara buɗe mini tukunya ba, kuma yanzu shi ke zuwa sarin kayan miya, ya ma fi ni iya ciniki.

Kuɗin sallamarsa sun ɗauki watanni kafin su fito. Wainar da nake yi da safe, da kunun aya da zoɓon da nake sa wa a firji, da adashin da muke zubawa da matan layinmu, su suka riƙe gidan a tsakanin. Katin asibitin da muke amfani da shi ta wurin aikinsa ya daina aiki daidai lokacin da hawan jini ya fara taɓa shi. Ba gori nake yi ba, ya ciyar da ni shekara da shekaru ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗa ne don a gane cewa ritaya kan mutum biyu take sauka.

Ga inda na fi so maza su saurare ni. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2004, yadda aka sabunta ta a 2014, ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, wurin aikinsa ya ƙara aƙalla kashi 10, a tara a asusunsa a hannun kamfanin kula da kuɗin fansho, ƙarƙashin sa idon hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom. In ya yi ritaya akan ba shi wani kaso dunƙule, sauran kuma ya zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko dai kamfanin ya riƙa yago masa wata-wata daga asusun, in rai ya yi halinsa abin da ya rage ya zama na magada; ko kuma a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyansa muddin ransa, amma in ya rasu bayan shekara goman farko, iyali ba su da sauran abin karɓa. Kowanne da amfaninsa, ban zo in zaɓar wa kowa ba. Tambayata ita ce, wa za a bari da marayu da kuɗin haya in ta Allah ta kasance? Amma sai namiji ya je ya sa hannu shi kaɗai, matarsa ko sunan kamfanin ba ta sani ba. Wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, tana cikin takaba 'ya'yanta ke zazzage akwatuna suna neman takardar da za ta nuna inda kuɗinsa suke. Alhaji, Allah ya saka masa da alheri, ya shimfiɗa mini takardun a kan tabarma, babbar 'yarmu ta karanta mana ɗaya bayan ɗaya kafin ya sa hannu.

Dunƙulallen kuɗin kuma, da zarar sun shigo sai abokai su yi sallama. Wannan ya ce a sayi Keke Napep, wancan ya ce a shiga sarin shanu a Oko-Oba, ga mutumin da bai taɓa sayar da ko akuya ba. Wasu kuma ƙarin aure ne ke fara faɗo musu. Halal ne, ban isa in haramta ba, amma kuɗin da aka ce su ne guzurin tsufa ba na lefe ba ne.

Sai babbar magana, wato komawa gida. Alhaji ɗan jihar Katsina ne, ya gina gida a garinsu da ɗan abin da ya riƙa tarawa, kuma a ransa ya gama shirya cewa yana ajiye aiki za mu tattara. Hujjojinsa masu ƙarfi ne. A Legas haya ta shekara ake biya dunƙule, kuma duk sabuntawa sai an ƙara. Can babu haya, ga gona, ga mahaifiyarsa ta tsufa, ga shi yana son in ajali ya zo a binne shi cikin danginsa. Ni kuwa a Agege aka haife ni. Fataucin goro ne ya kawo kakana, iyayena a nan suke kwance, a nan ƙannena suke, a nan Islamiyyata take, masu sayen wainata sun san ƙofar gidana. Autanmu yana karatu a jami'ar jihar Legas da ke Ojo, Yarbanci a bakinsa kamar Hausa. Garin da yake kira gida, ni da baƙunta na san shi, lokacin Sallah ko biki. In an kai ni, sai na fara koyon zama daga farko, a shekarun da gwiwa ta fara ciwo. Mata nawa aka ce wa "ku haɗa kaya, ƙarshen wata za mu tafi", ba a tambaye su ko da kalma ɗaya ba? Ranar Hudaibiyya, da al'amari ya yi wa Manzon Allah (SAW) nauyi, wurin matarsa Ummu Salama ya shiga, ta ba shi shawara, ya kuma yi aiki da ita.

Mu dai mun yi ta ja, har da kwanan fushi, kafin muka tsaya a kan cewa za mu zauna sai auta ya gama. Shi kuma da damina ya tafi ya yi noma, ya ga Inna, ya dawo bayan girbi da masara da wake. Abin da zai biyo bayan haka ba mu gama yankewa ba, amma tare muke maganar.

'Yan'uwana mata, mu ma da namu. Kada a nuna wa mutum ya zama kaya a gida, kada a yi masa gorin kuɗi gaban 'ya'yansa, a bar shi ya fita majalisa da masallaci ya sha iska. Ma'aikatun da ke shirya wa masu shirin ritaya taron bita, don Allah su riƙa gayyatar matansu, ko da zama ɗaya ne. Limamanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende kuma, da sarakunan Hausawan unguwannin nan, ina roƙon su sa wannan batu cikin huɗuba da zaman sulhu, domin ƙarar da ke zuwa gabansu daga gidajen tsofaffin ma'aikata sun fi ni saninta.

Wassalam.

Taku,
Wata uwargida,
Agege, Legas.