A Koyi Darasi Daga Indiya Kan Zaman Manoma Da Damisa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu ja hankalin hukumomin gandun daji kan yadda Indiya ke fama da damisarta mai ratsi-ratsi, domin abin da manoman bakin Yankari ke sha a hannun giwaye, da na Dadin Kowa a hannun dorina, bai yi nisa da wannan ba.

Indiya ta ƙaddamar da shirin kare damisa a 1973, ƙidayar 2022 kuwa ta kiyasta guda 3,682. Da suka yawaita, matasan damisa da ba su sami yankin kansu ba suka fara fitowa daga daji. A yankin Pilibhit da ke arewacin Indiya, gonakin rake sun kai har bakin daji, damisa takan kwanta a ciki, har ta haihu. Wanda ta fi afka wa shi ne mutum shi kaɗai a tsugune ko a sunkuye, musamman da asuba ko magariba, saboda tsayinsa a lokacin bai wuce na barewa ba. Shi ya sa ake shiga gona a ƙungiya, ana ɗaga murya, ɗaya na tsaye yana dubawa. A dajin Sundarbans da ke bakin teku, masu cire zuma sun gwada ɗaura fuskar roba a ƙeya don damisa ta zaci ana kallonta, ta yi aiki na ɗan lokaci, daga baya damisa ta gane.

Amma a ganinmu, kwanakin farko bayan ta kashe saniya su ne magana. Ba ta cinyewa a zama ɗaya. Takan ja mushen cikin duhuwa, ta riƙa dawowa kwana da kwanaki. Idan diyya ta makara, mai saniya cikin ɓacin rai zai barbaɗa maganin ƙwari a mushen, damisa ta mutu, ungulu da dila su bi ta. Don haka jami'i ya iso a ranar, ya ɗauki hoton mushe da sawu, a biya wani kaso nan take. Kada a ɗauke mushen, yunwa za ta sa ta kashe wata. A girke kyamarori biyu masu ɗauka da kansu, suna fuskantar juna, domin ratsin kowace damisa daban yake. In ba haka ba, ana iya kama wadda ba ruwanta, mai ɓarnar na nan.

Taron 'yan kallo ma yana kashe mutane. Allurar barci takan ɗauki mintuna kafin ta kama jiki, dabbar da aka kewaye kuwa ta kan mutane za ta bi. A janye jama'a tukuna, a bar mata hanyar komawa daji.

Muna kira ga gwamnatocin jihohi su ajiye kuɗin diyya kusa da ƙauyukan, mai unguwa da arɗo su zama shaidu, a kuma nemi Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta horar da masu harba allurar.

Naku,
Wasu masana gandun daji da kiwo,
Samaru, Zariya