Zuwa ga Yaya, kan maganar kaburburan bayan gida

Assalamu alaikum Yaya, ina gaisuwa da fatan kuna lahiya kai da iyali, ya jikin Inna, ya ƙafar tata? Ni nan Abijan lahiya lau sai godiyar Allah, sana'ar garba, abincin rogo da kifi, na tafiya, kifin tuna ne dai ya yi tsada amma ana samun na sawa baki. Bayan da na gaya maka shina ciwo ya yi sauƙi, kar ka gaya ma Inna, tsayuwa ce kawai gaban wuta.

Yaya abin da ya sa na rubuto, wani ɗan kartiyenmu ya sauka Ajame, unguwar nan ta Abijan, satin nan, muna shan shayi yake ce mani wai ya ga an jibge bulo da yashi bayan gidan Kaka a Bilbis, wai ɗan Kawu zai tada butik wurin, kuma wai shina cewa kabari 2 ne kawai a filin, sauran duk tudun ƙasa ne. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Kuma kai muna waya kullum ba ka taɓa ɗauko mani zancen ba, mi ya sa? Don ina nesa sai a maida ni baƙo?

Kabari 2 ina! Ni da nake ƙarami na san aƙalla 6. Akwai na Kaka gindin kurna, wanda Baba ke kai mu ran Juma'a mu yi addu'a. Akwai na uwargidan Kaka kusa da shi. Ga ƴan guntaye biyu na tagwayen Inna da sunka riga mu, waɗanda anka kifa ma fasasshen tulu, kai ma ka san Inna ba ta bin ta wajen har yau. Sai dogayen nan biyu jikin katangar yamma, su ne ake gardama kansu tun Baba na da rai. Ɗaya na Baba Babba ne, ɗayan na baƙon nan Buzu da ya sauka gidanmu lokacin farin 1973 zuwa 1974, sa'ad da dabbobi sunka ƙare mutane sunka kwararo daga arewa, Kaka ya ba shi zaure ya yi jinyarshi har ya cika, Kaka ya ce a sa shi cikin namu. Baba na cewa na wajen kudu shi ne ɗan'uwanshi, Kawu na cewa a'a na arewa ne. Duwatsun da anka sa masu kuwa na ji ruwan 2024 ya ture katangar ya kwashe su, to yanzu da mi za a gane?

Ga abin da nake roƙo, don Allah Yaya ka yi shi kafin ka yi komi. Ka je ka ɗauko Gwaggo, ko a amalanke ne, a shimfiɗa mata tabarma inuwar kurna. Ita kaɗai ta rage wadda ta ga duk waɗannan rasuwar. Na san mata ba su zuwa biso amma wannan cikin gida anka yi shi, ɗakinta na kallon wurin. Kar ka ce mata ai wancan na wane ne ko, tsoho in ka sa mashi magana baki sai ya ce i don a ƙyale shi. Ka bar ta ta nuna da sandarta. Ka tambaye ta wa ya riga wa, da rani ne ko da damana, zamanin Diori ne ko bayan Kunce ya karɓi mulki a 1974, wa ya yi gina, wa ya yi sallah. Ka sa ƙanenmu ya ɗauki wokal da talho, wani kuma ya rubuta a kaye, ya zana filin, kurna nan, katanga nan, rijiya nan. Kan mamaci shina kudu ne fuska gabas, saboda haka a sa alama wajen kai kar a juya.

Bayan haka, wata rana daban, ka kai tsohon maƙwabcinmu wanda ke gina kabari da, shi kaɗai, ba tare da ya ji abin da Gwaggo ta ce ba. Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ke nan. Inda sunka saɓa ku rubuta duka biyun ku bari, kar wanda ya zaɓa da son ranshi. In ma ba a gane wanne ne na Baba Babba ba, su biyun duk namu ne, Kaka da ya kwantar da baƙon wurin ya san abin da ya yi.

Kuma don girman Allah kar wanda ya sa diga ko shebur wai a duba. Na ji har an kawo shawarar a tona gefe a ga itace anka rufe da shi ko tukwane. A'a. Na tambayi malamin da muke sallah bayanshi nan, ya ce Annabi (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne da rai, ya hana zama bisa kabari da yin gini bisanshi. Amma sa dutse ya halatta, don shi da kanshi ya ɗauko dutse ya aza wajen kan Usmanu ɗan Maz'un don ya riƙa gane kabarin, ya kuma binne nashi kusa da shi. To dutse za ku sa, babba wanda ruwa ba ya ɗauka, ba siminti bisa kabari ba. Ka ƙara tambayar limanmu shi ma ya zo ya tsaya.

Na aiko jika 150 ta Nita da sunanka. Jika 100 na katanga ne, a zagaye wurin a sa ƴar ƙofa don awaki da yara. Jika 20 na Gwaggo, goro da sabulu da turmin zane. Jika 30 maganin Inna. Kuɗɗin katanga na katanga ne Yaya, kar a ranta ma kowa, kar a ce biki ya taso, kar ɗan Kawu ya ce a ba shi shi zai kawo magini. Ka nemo maginin da kanka ka aiko mani hoto.

Na san za a ce wanda bai zo jana'izar ubanshi ba shi ne yau ke ba da oda daga Kodebuwa. Su faɗa. Abin nan shina cina kullum, ba sai an tuna mani ba. Amma gumina ne ya rufe ɗakin Inna da kwano, shi ya biya lakkol ɗin yara, ina da bakin magana cikin gidan nan. Tun da anka rufe iyakar Benin a 2023 hanya ta ƙara tsada da wuya, in ba haka ba da ni zan ɗauko Gwaggo da hannuna.

Shi ɗan Kawu kar ka yi faɗa da shi. Ka samu Kawu da dare ku biyu, ka ce mashi filin gaban zaure na nan in butik ake so, ni ma zan taimaka da buhun siminti in an kai nan. In ya ƙi, ka kai maganar ga mai unguwa kafin a aza bulo ko ɗaya. Kuma ka yi sauri da zancen Gwaggo, an ce mani ta fara ruɗa sunayen jikoki, cikin satin nan nake so ba bayan sallah ba.

Ka gaida Inna ƙwarai ka ce ta sa mani albarka, ka gaida matarka da yara. Ka turo mani wokal ɗin Gwaggo da hoton kayen ran da kunka yi, kuma ka kira ni da ka karɓi kuɗɗin.

Ƙanenka.