Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Banda da Fataucin Kifi a Gaɓar Tekun Gana

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa da 'yan uwa membobi maza da mata, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin yadda ya riƙe amanar da kuka damƙa masa a bana.

Aikin da babban taro ya ɗora mana shi ne nema wa masu banda da fatake wurin zama a inda ake yanke shawarar harkar su. Kun san yadda lamarin yake a bakin ruwa: sarkin masunta, wanda mutanen Fante ke kira apofohene, shi da dattawansa ke raba gardama da tsare hutun Talata da yawancin garuruwa ke kiyayewa, shugabar matan kifi kuwa, wato konkohemaa, ita ke tsayar da farashi idan kwale-kwale sun dawo. Mu da muke saye mu ƙyafe, mu yi lodi zuwa Kumasi da Tamale da Bolgatanga, sai dai mu ji hukunci bayan an tashi, alhali sau da yawa da kuɗinmu ake sayen man da aka fita da shi.

A watan Agusta Shugaba John Mahama ya sa hannu a sabuwar dokar kamun kifi mai lamba 1146, wadda ta maye gurbin mai lamba 625 ta shekarar 2002, ta kuma faɗaɗa yankin da aka keɓe wa kwale-kwale daga mil 6 zuwa mil 12 na teku. Kwamiti ya bi zanguna yana fassara ta da Hausa, domin mafi yawanmu ba mu taɓa ganin takardar ba. Tambaya ɗaya aka riƙa yi mana ko'ina: wa zai hana manyan jiragen jan koma kutsowa da dare?

Wannan tambaya ce ta kai mu ga maganar saiko, kuma a nan ne muka ga namu laifin. Saiko shi ne yadda manyan jirage ke kwashe ƙananan kifin da ya kamata ya faɗa komar masu kwale-kwale, su daskarar da shi, su sauke wa wasu a tsakiyar teku a shigo da shi wurare irin su Elmina da Apam. Kamun kifi ba bisa doka ba ne ya jawo wa Gana katin gargaɗi na biyu daga Tarayyar Turai a watan Yuni na 2021. A zamanmu na farko da dattawan masunta, sun faɗa mana ba kwana-kwana cewa ba za su zauna da mai sayen daskararren saiko don arha ba, kuma ba mu iya musantawa ba. Saboda haka kwamiti ya karɓi alkawarin membobi na barin sayensa, haɗe da kifin da aka kashe da guba ko nakiya, wanda kowace mai banda ta san yana dagargajewa a kan murhu. Bayan wannan alkawari ne aka fara kiranmu zama, ko da yake har yanzu sauraro muke yi, ba mu da ƙuri'a.

Game da rufe teku, wato hana kamun kifi na ɗan lokaci da ake yi duk shekara, bana gwamnati ta tsame kwale-kwale daga hutun watan Yuli, ta bar manyan jirage da nasu na Yuli da Agusta. Masu bashi a wuyansu sun yi murna, amma kwamiti yana ganin ƙanƙantar kifin da ke shiga kwandunanmu ba abin murna ba ce, kuma mun faɗi haka a gaban masunta.

Akwai abin da bai yiwu ba. Manufar gwamnati ta 2020 kan gudanar da harkar kifi cikin haɗin gwiwa ta ba masu sana'ar kifi damar shiga kwamitocin kula da albarkatun ruwa, sai dai takardar da muka kai wani ofishi muna neman cikakkiyar kujera ba a amsa ba har yau. Murhun Ahotor mai rage hayaƙi shi ma ya fi ƙarfin aljihun mafi yawan iyayenmu mata, shi ya sa muke roƙon babban taro ya amince a buɗe adashi na musamman domin gina shi. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi bayan wannan rahoto, kuma duk wanda ake bin kuɗin wata ya gan shi kafin a tashi.